Labarin Jiragen Janhol, Daga Tsibirin Farnando Po Zuwa Kwatar Wari

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Kudu, ko a Ikko yake zaune ko Anaca ko Fatakwal, da wuya a ce bai taɓa jin sunan John Holt ba, wanda iyayenmu suka mai da shi Janhol don sauƙin faɗi. Waɗansu da kanti suka san shi, waɗansu da sayen gyaɗa da fatu, 'yan baya-bayan nan kuwa da babur ƙirar Yamaha da injin ba da wutar lantarki. Abin da yawanci ba su sani ba shi ne, kamfanin nan a kan ruwa ya tashi, kuma shekaru kusan ɗari yana da jiragensa na kansa. Jiragen ba su taɓa yin yawa ba. Na teku dai, ko a lokacin da kamfanin ke ganiyarsa, ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Amma waɗannan 'yan jiragen, da ƙannensu da ke bin Kwara da Binuwai, sun ɗebi amfanin gonar Arewa mai yawan gaske, kuma hanyar da suka bi ita ce hanyar da har yau muke kukan mutuwarta.

Shi John Holt an haife shi ne cikin 1841 a wani ƙauye mai suna Garthorpe a Ingila. Yana saurayi aka kai shi koyon aiki wurin waɗansu 'yan kasuwar gawayin kwal a birnin Libaful, mutanen gidan Laird, waɗanda ke da hannu cikin jiragen da ke zuwa Afirka ta Yamma. Cikin 1862 ya shiga jirgi da fam 27 a aljihunsa, ya nufi tsibirin Farnando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko a ƙasar Ikwatoriyal Gini, don ya yi wa wani Bature mai suna James Lynslager tsaron kanti. Shekara biyu kawai suka yi tare maigidan ya mutu. Yaron ya ci gaba da riƙon kantin, yana tara abin da ya samu, har cikin 1867 ya saye shi ɗungum.

Zama a tsibiri ba jirgi kuwa zaman jiran tsammani ne. Manjan da Turawa ke nema don yin sabulu da man shafa wa injuna ba a tsibirin yake da yawa ba, yana can tsallake, cikin rafukan da ke gaɓar Nijeriya da Kamaru da Gabon. Saboda haka cikin 1868 ɗan'uwansa Jonathan ya sayi wani ƙaramin jirgi mai filafilai, wanda iska ke turawa, mai suna Maria. Da shi suka riƙa kai yadi da gishiri da taba da sauran hajja bakin gaɓa, su komo da manja da ƙwara da hauren giwa. Wannan jirgi shi ne kakan duk jiragen Janhol. Cikin 1874 John ya koma Libaful ya zauna yana tafiyar da harkar daga can, cikin 1884 'yan'uwan suka yi rajistar tarayyarsu, cikin 1897 kuma ya zama cikakken kamfani mai hannun jari.

Mai karatu ya kamata ya san irin gaɓar da ake magana a kanta. Daga Ikko har Kamaru ba wurin da Allah ya yi tasha mai zurfi wadda babban jirgi zai shigo kai tsaye. Kowane kogi, inda ya haɗu da teku, ya tara tudun yashi a bakinsa, igiyar ruwa na karyewa a kai. Ikko kanta haka take. Kafin a gina katangun duwatsun nan da suka miƙe cikin teku a mashigin garin, kaya masu nauyi da za su Ikko sai a wuce da su Forkados, a sauke su cikin ƙananan jirage masu tsallake tudun yashi, sannan a komo da su baya. Sai cikin watan Fabrairu na 1914 babban jirgin wasiƙu, mai suna Akoko, ya fara shigowa tashar Ikko, kuma sai 1926 aka gama kashin farko na Waf ɗin Apapa, inda 'yan'uwanmu da yawa ke neman abinci. A irin wannan gaɓa, ƙaramin jirgi wanda bai nutsa ƙwarai cikin ruwa ba ya fi babba daraja, mai shi kuwa shi ke riga kowa isa wurin kaya.

Rigima Da Manya

Janhol yana da kaya, amma ba shi da jirgin da zai kai su Turai, dole ya bi ta hannun kamfanin Elder Dempster, wanda Sir Alfred Jones ke shugabanta. Cikin 1895 Jones ya haɗa kai da kamfanin Woermann na Jamus suka ƙulla wata yarjejeniya mai wayo. Duk ɗan kasuwar da ya ba su kaya, sai su ɗora masa kashi goma cikin ɗari a kan kuɗin dako, da alkawarin za su mayar masa. Amma sai ya yi wata shida bai ba wani jirgi kayansa ba sannan kuɗin su zama nasa, kuma ba za a damƙa masa ba sai ya sake yin wata shida yana biyayya. Watau kullum akwai kuɗinsa masu kauri a hannunsu, ran da ya kuskura ya yi hayar jirgin wani, sun tafi ke nan. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin maigida mai riƙe ladan yaro don kada ya gudu, ya san irin wannan igiya.

John Holt bai ɓoye ƙin wannan tsari ba. Ya yi ta sukarsa, har ya ba da shaida gaban hukumar bincike da Gwamnatin Ingila ta kafa kan irin wannan haɗin baki na masu jirage. Cikin 1907 kamfanin ya sayi jirginsa na teku na farko, wani kwancen jirgi mai tururi da ake kira Balmore. Cikin 1910 kuma aka ƙera masa sababbi guda biyu, Jonathan Holt da Thomas Holt, kowanne bai kai tan 2,000 ba. Daga nan aka kafa al'adar da ta bi jiragen har kusan ƙarshensu, ta sa musu sunayen 'yan gidan.

Jonathan Holt ɗin nan ya yi suna a zamaninsa saboda wani abu da yanzu za a ga kamar ba kome ba ne. An rufe ƙofofinsa da tagoginsa da ragar waya don hana sauro shiga. A lokacin shekara goma sha uku ke nan kacal da Likita Ronald Ross ya tabbatar cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, kuma jiragen da ke kwana cikin rafukan Wari da Sapele sukan koma gida da rabin ma'aikatansu a kwance. Shi Holt yana cikin masu taimakon makarantar koyon magungunan ƙasashe masu zafi da aka kafa a Libaful cikin 1898, ya kuwa ɗauki shawarar likitocinta ya aikata.

Kada fa a ɗauka waliyyi ne. Gaskiya ne ya tsaya bayan E. D. Morel da kuɗinsa wajen tona asirin zaluncin da Sarki Liyofol na Beljiyam ke yi wa mutanen Kwango, kuma aminin Mary Kingsley ne, baturiyar nan mai yawon duniya da ta yi rubutu kan Afirka ta Yamma. Amma mutumin nan dai shi ne ya dage wajen kare cinikin barasa a gaɓar teku lokacin da 'yan mishan ke neman a hana, domin akwatunan giya suna cikin kayan da ke kawo riba a Kudu, ko da yake doka ta hana sayar da ita ga 'yan ƙasa a Arewa. Kuma kamfanin da ya yi kukan haɗin bakin masu jirage, shi ma bai ƙi shiga haɗin bakin manyan kantuna ba wajen tsai da farashin da za a biya manomi, kamar yadda aka gani a rikicin koko na 1937. Ya mutu cikin 1915, 'ya'yansa suka ci gaba.

Kwara Da Binuwai

Inda labarin ya fi shafarmu shi ne kan kogi. Daga 1886 zuwa ƙarshen 1899 Kwara tana hannun Kamfanin Neja na Sir George Goldie, wanda ya toshe ta da haraji da kuɗin lasin har ba mai iya ciniki sai shi. Tsananin wannan toshiya ce ta sa mutanen Nembe suka kai wa ma'ajiyar kamfanin hari a Akasa cikin 1895. Da Gwamnatin Ingila ta karɓe mulki ran 1 ga Janairu 1900, hanya ta buɗe, Janhol ya kutsa. Kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin UAC, ya yi sansani a Burutu, Janhol kuwa ya kafa nasa a Wari, da kwata, da ɗakunan ajiya, da wurin gyaran jirage. Daga nan jiragensa na kogi ke tashi su bi ta Anaca da Ida zuwa Lakwaja, inda hanya ta rabu biyu: hagu zuwa Baro, dama zuwa Makurɗi da Ibi da Yola.

Jiragen farko masu tururi ne, gindinsu shimfiɗaɗɗe, da wata babbar ƙafa mai fukafukai a baya tana dukan ruwa, suna ɗaure da manyan kwale-kwalen ƙarfe marasa inji a kowane gefe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shigo da masu shan man gas, waɗanda ke tura jerin kwale-kwalen a gabansu. In za su hau, sukan ɗauki gishiri, da siminti, da kwanon rufi, da kananzir, da akoko da atamfa. In za su gangaro kuwa, gyaɗa ce, da auduga, da riɗin ƙasar Tibi, da kaɗanya, da fatu da ƙiraga. A Wari a juye su cikin jirgin teku, sai Libaful.

Aikin kogi aikin gaggawa ne, domin ruwa ba ya jiran kowa. Binuwai takan fara cika ne bayan damina ta kankama, ta kai maƙura wajen Satumba, sannan ta janye da sauri. Garwa ta ƙasar Kamaru, wadda ke kusan mil 1,000 daga teku, makonni kaɗan ne a shekara jirgi ke iya isa gare ta, wajen Agusta da Satumba. Cikin waɗannan makonni ne jiragen kamfanonin za su kai kayan shekara guda, su kwaso audugar arewacin Kamaru da ta Cadi. Wanda ya yi nawa, ruwa ya janye ya bar shi kan yashi, sai ya jira wata damina. Saboda haka ba dare ba rana ake lodi, 'yan dako na gudu da buhu a ka kan katako guda da aka gitta daga gaɓa zuwa jirgi.

Kuma kogin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Inda jirgi ya bi bara, bana tudu ne. Taswirar Bature ba ta da amfani sosai a nan, sai idon wanda ya tashi a bakin ruwa, mai duban launinsa da yadda yake murɗawa ya san inda zurfi yake, ga kuma mutum a goshin jirgi da doguwar gora yana auna ruwa yana kiran lamba. Nufawa da Kakanda da Igala sun riga injin Bature sanin wannan hanya da ɗaruruwan shekaru. Sunayen 'yan gidan Holt suna rubuce a jikin jirage da manyan haruffa, na mutanen da suka san hanyar kuwa ba wanda ya damu ya rubuta. Haka abin yake a teku. Jirgi in ya iso Firitawun ta Saliyo, sai ya ɗebi ƙarti na ƙabilar Kuru, su ne masu lodi da saukewa a kowace tasha har ya juyo, suna kwana a bisa dandamalin jirgi ƙarƙashin tamfol.

Tun 1912, da jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Ikko, mafi yawan gyaɗar Kano ta koma bin dogo. Janhol ma ya bi sahu ya buɗe kanti a Kano. Amma ga ƙasashen Binuwai da Adamawa, inda dogo bai taɓa zuwa Yola ba har yau, kogi ne ya ci gaba da zama babbar hanya.

Shekarar Baƙin Ciki

Lokacin da yaƙin Hitila ya ɓarke cikin 1939, jiragen teku biyar kamfanin ke da su. Akwai Robert L. Holt na 1926, mai tan 2,918. Akwai Thomas Holt da Godfrey B. Holt na 1929, kowanne wajen tan 3,500. Sai sababbi fil guda biyu na 1938, John Holt da Jonathan Holt, kowanne ɗan ƙasa da tan 5,000, waɗanda aka ƙera a ma'aikatar Cammell Laird da ke tsallaken kogi daga Libaful. Cikin wata bakwai na shekarar 1941 uku daga cikin biyar ɗin suka tafi ƙarƙashin teku.

Ran 24 ga Fabrairu jirgin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa, mai lamba U-97, ya harbi Jonathan Holt a arewa da Ingila, yana cikin ayari kan hanyarsa ta zuwa Afirka ta Yamma. Nan da nan ya nutse da mutum sama da 50. Cikinsu akwai Robert Byron, marubucin Ingila, da Joseph Hackin, masanin kayan tarihi na Faransa, tare da matarsa. A farkon Yuli Robert L. Holt ya gamu da U-69 a yammacin tsibiran Kanari. Da igwa aka yi wannan faɗa, ɗan tsohon jirgin ya mai da wuta gwargwadon ƙarfinsa, amma ba wanda ya tsira daga cikinsa ko mutum ɗaya. Ran 24 ga Satumba kuma U-107 ya nutsar da John Holt, yana cikin ayarin da ya taso daga Firitawun zuwa Ingila.

Cikin 1943 aka ƙera waɗansu biyu aka mayar musu da sunayen John da Jonathan. Sabon John Holt bai yi shekara guda cur yana aiki ba. Ran 5 ga Maris 1944 U-66 ya harbe shi a nan ƙofar gidanmu, kudu da bakin kogin Opobo. Jamusawa suka kama kyaftin ɗin da wani fasinja guda suka shiga da su jirginsu. Bayan wata biyu, ran 6 ga Mayu, sojan ruwan Amurka suka nutsar da U-66 ɗin a yamma da tsibiran Kef Bade, fursunonin biyu suka halaka tare da masu tsaronsu. Ga babban kamfani asarar jirgi huɗu abin jurewa ne. Ga mai jirgi biyar kuwa, kusan tsiya ce tsirara. Tsofaffin nan biyu na 1929 sun ga ƙarshen yaƙin lafiya.

Yadda Aka Watse

Bayan yaƙi kamfanin ya sake tashi. Aka ƙera wani John Holt da wani Robert L. Holt cikin 1946, Elizabeth Holt da Florence Holt cikin 1953, Rose of Lancaster cikin 1957, sai autarsu Mary Holt cikin 1959. Cikin 1950 aka ware jiragen suka zama kamfani mai zaman kansa mai ɗaukar kayan kowa, cikin 1954 kuma aka sake masa suna zuwa Guinea Gulf Line. Dalilin ba boyayye ba ne: wane ɗan kasuwa ne zai so ya damƙa kayansa da takardun farashinsa ga jirgin da ke ɗauke da sunan abokin gasarsa?

Amma zamani ya riga ya juya. Ƙasashe suna samun 'yancin kai, kowace na son jiragenta. Gana ta kafa Black Star Line cikin 1957, Nijeriya ta kafa nata kamfanin jiragen ruwa na ƙasa cikin 1959. Kayan da ake rabawa tsakanin Turawa sai aka ƙara masu cin rabo. Cikin 1965 Janhol ya sayar da Guinea Gulf Line, kuma ba kowa ya saya ba sai Elder Dempster, wanda don gudun mulkinsa aka sayi Balmore shekara 58 da suka wuce. Ita ma Elder Dempster ba ta dawwama ba, cikin 1989 aka sayar da sunanta da na Guinea Gulf ga kamfanin Delmas na Faransa. Kamfanin jiragen Nijeriya kuwa aka rushe shi cikin 1995, bashi ya cinye shi.

Na kogi yaƙin basasa ne ya karya su. Daga 1967 zuwa 1970 ƙasan Kwara ya zama fagen fama, an karya gadar Anaca, ba jirgin kasuwa da ke iya wucewa. Kayan Adamawa da na arewacin Kamaru suka nemi wata hanya, suka hau mota, ba su kuwa sake saukowa ba. Dokar soja ta 1969 ta ba Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ikon karɓe tashar Wari daga hannun Janhol, da ta Burutu daga UAC. A wannan shekara ce kuma kamfanin Lonrho na Tiny Rowland ya saye uwar kamfanin a Ingila. Reshen Nijeriya, wanda aka yi wa rajista cikin 1961, ya sayar wa 'yan ƙasa hannun jari cikin 1974, ya karkata ga harhaɗa babura da sayar da injuna. Ɗan abin da ya rage masa na ruwa shi ne ƙera ƙananan jirage masu gudu a sashensa mai suna Almarine.

To, ribar wancan zamani Libaful ta tafi, wannan ba gardama. Amma hanyar ba su tafi da ita ba, tana nan kwance. Kwale-kwalen ƙarfe guda mai cin tan 300 daidai yake da tirela goma masu tan talatin-talatin, jirgi ɗaya kuwa yana tura da yawa a tafiya guda. Direbobinmu da suka sha kwana da kwanaki a layin Apapa, da waɗanda suka rasa 'yan'uwa a hanyar Lakwaja zuwa Okene, sun fi kowa sanin abin da ɗora kayan ƙasa duka a kan kwalta ya jawo. Masu sayen siminti da taki a Yola da Jalingo su ma suna biyan kuɗin wannan doguwar tafiya a kan kowane buhu.

Gwamnatoci sun yi ta alkawari. Cikin 1997 aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da hedkwatarta a Lakwaja. Cikin 2003 aka yi dokar da ta keɓe dakon kaya tsakanin tashoshin Nijeriya ga jiragen 'yan ƙasa. Cikin Satumba 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara daga Wari zuwa Baro, tsawon kilomita 572. Cikin Janairu 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya je Baro da kansa ya buɗe sabuwar tasha, da kwatarta da ƙugiyar ɗaga kaya. Shekara biyar bayan bikin, cikin 2024, tashar ba ta fara karɓar jiragen kaya ba, hanyar motar da za ta haɗa ta da Agaie ba a gama ta ba, tsohon dogon da ya taso daga Baro zuwa Minna kuwa ciyawa ta rufe shi.